Bargo a Kan Igiya

Lokacin da na fara ganin fim ɗin nan ba a daɗe da yanke mu daga Kano ba. A watan Agustan 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, amma mu a Achilafiya, in ka ɗauke lambar mota da kan takardar makaranta, babu abin da ya nuna mun bar Kano. Atamfa daga Kantin Kwari take zuwa, labari daga Rediyon Kano, kaset ɗin bidiyo ma daga can mai gidan kallonmu yake ɗauko shi, ya biyo motar Kazaure da shi a ƙunshe cikin baƙar leda kamar wanda ya karɓo magani.

Gidan kallon wani fili ne a bayan zaure, an kewaye shi da zana. Talabijin tana kan ganga, an lulluɓe bidiyo da tawul saboda ƙura, janareto kuma an kai shi can gindin dalbejiya an jawo doguwar waya, wai don kada ƙararsa ta cinye maganar 'yan fim. Wahalar banza, tunda babu mai jin Indiyanci a cikinmu. Da kaka aka fi cika, lokacin da kowane yaro ya yi roron gyaɗa ya sami na ƙofa. Mata ba sa shiga. 'Yan talla dai suna zama a bakin zana da farantansu da 'yar fitilar ƙwai, kuma duk wanda ya duba da kyau zai ga zanar ta yi huji-huji daidai tsayin idon yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Ɗaya daga cikin hujin nan aikin taubashiyata ne, 'yar ƙanwar babana, mai tallan dafaffiyar gyaɗa, wadda ba ta taɓa sayar mini ba tare da ta ce in nuna kuɗin tukuna ba.

Na ce babu mai jin Indiyanci, to amma muna da tafinta. Tela ne, ya yi shekaru yana ɗinki a Fagge, abin da ya samu duk ya ƙare a ƙofar silimar Plaza da Marhaba. Da na girma na zauna na lissafa, kalmomin Indiyancin da ya sani ba za su wuce ashirin ba. Sauran daga fuskar 'yan wasa yake karantowa, ya zuba gishiri, ya miƙo mana. Bencinsa yana dab da talabijin, ba ya biyan kuɗin shiga, mai gidan kallo har shayi yake aika a kawo masa.

Mu 'yan faɗa ne a lokacin. Dharmendra sarkin ƙarfi muke so, da Amitabh, da Sanjay Dutt ɗan daba mai lasin. Daren da aka sa Dil Hai Ke Manta Nahin, aka ɗauki lokaci ba a fasa wa kowa baki ba, sai gunaguni ya tashi daga baya, wasu har suna cewa a mayar musu da kuɗinsu. 'Yar wani attajiri mai jiragen ruwa ce ta nace sai ta auri wani ɗan fim da ubanta ya ce mayaudari ne. Ta yi tsalle daga jirgin uban ta faɗa ruwa, ta hau motar haya daga Bambai za ta Bangalo wurin masoyin nata. A motar ta gamu da wani ɗan jarida fallasasshe, ba ko sisi a aljihu, ga hular matuƙin jirgin ruwa a ka. Aamir Khan ke nan, yana saurayi sharaf, ita kuma Pooja Bhatt, 'yar Mahesh Bhatt wanda ya ba da umarnin fim ɗin, shekarunta goma sha tara a 1991 da ya fito. Tun haɗuwar farko suka soma cacar baki, a nan tafinta ya gyara zama.

Yarinyar ta yi magana ta murguɗa baki, sai ya ƙanƙance murya ya ce: "Malam matsa mana, kujerar ubanka ce?" Saurayin ya amsa, tafinta ya buɗe murya: "Da ta ubana ce da akuya na ɗaure a nan, ta fi ki iya zaman mota." Ta sake cewa wani abu tana duban kansa: "Wannan hular, mai ita ya san ka ɗauko?" Wurin ya kece da dariya, har daga bayan zana muka jiyo ta 'yan talla. Masu neman a mayar musu da kuɗi suka yi tsit. Kwana uku a jere aka maimaita kaset ɗin, kuma kowane dare maganganun sai sun canza, don tafinta ba ya tuna abin da ya faɗa jiya. Babu wanda ya damu. Abin da ya girgiza dattijon da ke zama a kujerar baya shi ne ƙarshen labarin, inda uban da kansa, ana tsakiyar biki, ya raɗa wa 'yarsa ta gudu ta bi ɗan jaridar. Ya tafa hannu ya yi salati, ya ce shi bai taɓa ganin uban da ya fi 'yarsa rashin hankali ba. Washegari ya riga kowa zuwa.

An fi shekara ashirin bayan haka, ina aiki a Kano, wani dare barci ya ƙi zuwa ina ta canza tasha, sai na faɗa kan wani tsohon fim na Turawa marar launi. Wata yarinya ta yi rigima da ubanta a jirgin ruwa, ta yi tsalle ta faɗa teku. Na ajiye rimot. Ga motar haya ta dare, ga ɗan jarida da aka kora daga aiki, ga rigimar kujera. Na zauna ina gaya wa talabijin abin da zai faru kafin ya faru, kamar tafintanmu. Ashe abin da muka sha dariyarsa a bayan zaure jika ne, kakan yana Amurka tun 1934, sunansa It Happened One Night. Frank Capra ne ya ba da umarni, Clark Gable ya fito a ɗan jaridar, Claudette Colbert, haifaffiyar Faransa, ta fito a 'yar attajirin da ta gudu daga Miyami za ta Niyok wurin wani matuƙin jirgin sama. Tsakanin kaka da jika ma akwai uba: a 1956 Indiyawa sun riga sun juya labarin sun yi Chori Chori da Raj Kapoor da Nargis.

Su kansu taurarin ba su ɗauki aikin da wani muhimmanci ba. Gable aron sa aka yi daga babban kamfanin MGM zuwa Columbia, wanda a lokacin ƙaramin kamfani ne da manyan 'yan wasa ke yi wa kallon raini. Colbert sai da aka yi mata alkawarin dala 50,000 da gama ɗauka cikin mako huɗu kafin ta yarda. Daren rabon kyautar Oska a farkon 1935 ba ta ma je zauren ba, tana shirin hawa jirgin ƙasa aka je aka ɗauko ta, ta karɓi kyautarta da kayan tafiya a jikinta. Fim ɗin ya kwashe manyan kyaututtuka biyar: fim, mai ba da umarni, jarumi, jaruma da marubuci. Kafin shi ba a taɓa yi ba, bayansa sai da aka yi shekara arba'in da ɗaya kafin wani ya maimaita. Daga nan aka buɗe ƙofa ga irinsa, waɗanda Amurkawa suka laƙaba wa suna screwball, sunan wata irin jifar ƙwallo da ke murɗewa ta bi inda ba a zata ba. A 1938 Katharine Hepburn ta hana Cary Grant sakat da ita da damisarta a Bringing Up Baby, a 1940 shi da Rosalind Russell suka yi ta magana a kan maganar juna a His Girl Friday. Zamanin karayar arziki ne, mutane ba aikin yi, suna biyan 'yan kwabbai su ga an mayar da masu kuɗi abin dariya, an koya wa 'yar gata cin ɗanyen karas a bakin hanya.

Abin da ya tsaya mini a rai daga na 1934 bargo ne. Ruwa ya cinye gada, motar ta tsaya, kuɗin da ke hannunsu na ɗaki ɗaya ne, sai suka ce wa mai masauki su mata da miji ne. Da suka shiga, saurayin ya ɗaura igiya daga bango zuwa bango tsakanin gadaje biyu, ya rataya bargo, ya ce ga ganuwar Yariko nan, birnin da Littafin Kirista ya ce busar ƙaho ce ta rushe ganuwarsa. Ta bayan bargon suke magana, kowa yana kallon rufi. Da safe masu cigiyar da uban ya ɗauka haya suka faɗo ɗakin, nan take su biyun suka ɓarke da faɗan ƙarya, shi yana daka tsawa, ita ta barbaza gashi a fuska tana kururuwa. Masu cigiya suka dubi juna suka fice, don a ganinsu babu mai irin wannan faɗan sai ma'aurata na gaske. Daga farkon fim ɗin har ƙarshe ba a nuna sun sumbaci juna ba. Ko da aka ɗaura aure, abin da aka nuna kawai shi ne an busa wani ɗan ƙahon wasan yara, bargo ya faɗi ƙasa, fitila ta mutu.

Watanni kaɗan bayan fitowarsa, a watan Yulin 1934, aka fara tsananta dokar tace fina-finai a Holiwud, wadda ta taƙaita abin da za a nuna tsakanin mace da namiji. Marubutansu da suka ga an ɗaure musu hannu sai suka saki harshe. Duk abin da ba za a nuna ba aka mayar da shi gatse da baƙar magana da gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba, har da yadda ake tsoma wani abu mai kama da fanke a kofi. Mai kallo ya san abin da ke ƙarƙashin gardamar, su ma sun sani, amma babu mai faɗa.

Mu ma ai muna da namu bargon, ya ma fi nasu kauri. Tun Turmin Danya na 1990 fim ɗin Hausa yake tafe da kunya a gaba, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, taɓa juna tsakanin mace da namiji ya zama abin da ba a yi. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rungumar da aka gani a bidiyon waƙar ClassiQ. Ni ban da rigima da bargon, a gidan da aka rataya shi na tashi. Tambayata ita ce me muka yi ta bayansa. Waƙa muka yi. Muka ɗauko rawar Indiya da furanni da canza kaya sau biyar a baiti ɗaya, muka bar musu cacar bakin. Da Sangaya ya fito ya yi kasuwar da ba a saba gani ba, 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai suka gane waƙa ce ke sayar da fim, duk furodusan da ya kawo musu kaya sai su fara tambayar waƙa nawa ce a ciki. Kuma ka tuna yadda labarin yake: Ali Nuhu yarima ne, Fati Muhammad ita ce Zubaina mai aikin gida, yana wulaƙanta ta kafin zuciyarsa ta juyo. Ga wuri ya samu na a yi ta gwabzawa da baki, amma abin da aka ba Zubaina haƙuri ne da hawaye da murya mai daɗi. Na kalle shi ya fi sau goma, ina son sa har gobe, sai dai ko sau ɗaya ban ji ta tambayi yariman inda ya samo hularsa ba.

'Yan masana'antar da kansu sun raba gidan biyu, suna cewa wannan ɗan santimental ne, wancan ɗan camama. Kyawawa masu motoci da falo mai labule suna can suna soyayya suna kuka. Dariya kuma aka tura ta ƙauye, aka damƙa wa Rabilu Musa Ibro. Allah ya jiƙan mutumin Ɗanlasan. Ganduroba ne kafin ya ajiye kaki ya sa doguwar jar hularsa, kuma ƙaddara ta sa a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta tura shi gidan yarin a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tun da ya rasu a Disambar 2014 ba a sami wanda zai shigo fage ya sa mutane dariya kafin ya buɗe baki kamar shi ba. A wurinsa ne kaɗai mace take da baki. Tsigai ko Dumbaru za ta tsaya ta riƙe ƙugu ta wanke shi tas, ya rama, ta kuma. Amma ka lura, an riga an yi auren, kuma faɗan na cefane ne da bashi da kishiya. Bakin mace a camama azaba ce da aka jarrabi miji da ita. Haka Kamaye da Adama suka gada a Daɗin Kowa na Arewa24. Budurwar da za a so ta saboda kaifin bakinta, saurayin ya tafi gida yana cizon yatsa yana shirya amsar gobe, ita ce ta yi ƙaranci a allonmu.

Abin mamakin shi ne ba sai mun je Indiya ko Amurka aron ta ba, a tsakar gidanmu take. Bahaushe ya daɗe da cewa mai son ɗan tsuntsu shi ke bin sa da jifa. Kaka tana kiran jikanta mijinta tana yi masa gorin bai kawo cefane ba. Matar wa da ƙanin miji ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ranar wuya su ne a gaba. Taubasai kuwa ba a magana. A danginmu, in watan Cika-ciki ya kama, 'ya'yan mace ne ke bin 'ya'yan namiji kuɗin shara, a tare ka a hanya a ƙwace hula sai ka biya. Uwa-uba sayen baki. Daren da aka kai amarya, abokan ango a gefe guda, ƙawayenta a gefe guda, ita tana can ƙuryar gado a lulluɓe, mayafinta shi ne bargon. A soma ciniki: su ce bakin amaryarsu ya fi ƙarfin aljihun matsiyata, a ce musu ai an ji muryarta a dandali kyauta ma ba a so, su ce to me ya kawo ku da tsakar dare da turare kamar gawa. Awa biyu ana wannan, kuma aure nawa ne aka ƙulla daga nan, tsakanin babban aboki da babbar ƙawa da suka fi kowa cin mutuncin juna? A garinmu kaɗai na san uku. Tafintanmu daga wannan rumbun yake ɗiba. Da na sami fim ɗin Aamir Khan mai rubutun fassara a ƙasa, na tarar babu akuya a ciki, babu maganar mai hula. Amma ban ji an cuce ni ba, don wanda muka kalla a bayan zaure ya fi daɗi.

Dalilin da ya sa abin bai hau allo ba, a ganina, biyu ne suka haɗu. Cacar baki mai daɗi sai an zauna an rubuta ta, kalma ta hau kan kalma, alhali camama yawanci a wurin ɗauka ake ƙirƙirar maganar, santimental kuma kuɗinsa a situdiyon waƙa yake ƙarewa. Sannan akwai tsoro. Abin da yarinya za ta faɗa wa taubashinta a tsakar gida kowa ya yi dariya, in ta faɗa wa saurayi a fim sai a ce ana koya wa 'ya'yan mutane rashin kunya. A gida kowa ya san dangantakar da ta halatta wasan. A allo babu wanda ya tsaya ya gina ta.

Yanzu in na je gida, filin bayan zauren yana nan, an yi masa rufin kwano, amma ƙwallon Ingila ake nunawa. Fim ya koma waya. Yaro zai kai memori wurin masu turawa a cika masa da fassarar Algaita, ya toshe kunne ya kalla shi kaɗai a kan katifa, in ya yi dariya babu wanda ya san dalili. Masu fassarar nan jikokin tafintanmu ne, su ma suna zuba gishirinsu, wani lokaci har ya yi yawa, sai dai maganarsu ta jiya ita ce ta yau, ba ta canzawa. Shi tela ya daɗe da rasuwa, kekensa yana wurin ɗansa. Zance ya koma WhatsApp, inda ake tura fure da zuciya ja. Bikin ƙarshe da na raka ango, sayen bakin bai kai minti biyar ba: babbar ƙawa ta karanto lambar asusu, babban aboki ya danna waya, aka jira saƙo ya shigo, aka yi addu'a aka watse. 'Yan mata masu kaifin baki ba su ƙare ba, suna TikTok, minti ɗaya-ɗaya, babu labarin da zai riƙe su har a kai ga faɗuwar bargo.

Mai tallan gyaɗar nan ita ce uwar 'ya'yana yau shekara ashirin da wani abu. Kwanakin baya na samo fim ɗin 1934 a waya, bayan yara sun kwanta na ce ta zo ta ga kakan abin da ta leƙa ta hujin zana. Ba ta jin Turancin Amurkawa na wancan zamani, don haka ni na zama tafinta, kuma na gane aikin ya fi yadda na zata wuya. Ta kalli bargon ta ce igiyar shanya ce kawai, kuma bai ma kai ƙasa ba. Ta kalli Clark Gable ta ce kunnuwansa kamar faifai. Sai aka zo inda ɗan jaridar ya je wurin attajirin. An sa ladan dala 10,000 ga wanda ya kawo labarin yarinyar, uban ya ɗauka su ya zo karɓa, shi kuwa ya zaro 'yar takarda ya ce dala 39 da santi 60 yake bi, kuɗin da ya kashe da na kwat da jaka da hula da riguna uku da ya sayar a hanya don ya sayi mai. Daga nan uban ya gane mutumin son 'yarsa yake yi.

Na fassara mata wannan a tsanake, ina jira in ga ko idonta zai kawo ruwa. Ta karɓi wayar ta mayar da wurin baya ta sake kallo, sannan ta miƙo mini.

"Ka ga mutanen kirki masu rubuta bashi," in ji ta. "Kai kuwa, Malam, kuɗin sharata na shekarar da aka yi Jigawa har yau ban gan su ba."

Na ce ai na biya da sadaki.

Ta ce sadaki na Kawu ne ya karɓa, ita nata take tambaya.